Fatihar Narzullo Mai Aski

A unguwarmu ta bayan tafki, a tsohon garin Bukhara, akwai wani shagon aski mai kujera ɗaya da madubin da gefensa ya fara dushewa. Na Narzullo ne, kafin shi kuma na ubansa ne. Narzullo siriri ne mai dogayen yatsu, ba shi da yawan magana, abin da ba a saba gani ba a wurin mai aski. Masu zuwa su suke kawo hira. Shi nasa ya saurara, ya wasa aska a jikin fata, can ya ce, "Ɗaga haɓa, aka," wato yaya, yadda ake kiran namiji da girmamawa a nan.

Kowa a unguwar ya san yana kaɗa tanbur, wani irin molo mai dogon wuya, amma ba wanda zai ce maka ya taɓa ganinsa yana kaɗawa. Ji kawai ake yi. Da sassafe, kafin ya fito shago, yakan shiga ƙaramin ɗakinsa na ƙarshen tsakar gida, ya sa farcen ƙarfe a manuniya, ya ɗora dogon wuyan tanbur ɗin a hannun hagu. Sautin ya bi ta kan katanga ya sauka gidajen maƙwabta, inda mata ke kwaɓa gurasa. Wasunsu ma da shi suke gane lokacin hura tanderu. In kuwa aka zo masa da maganar bikin aure ko na kaciya, amsarsa ɗaya ce, yana murmushi:

"Ba a yi mini fatiha ba."

Baƙo ne kaɗai zai nemi ƙarin bayani. A nan, ko maƙeri ne kai, ko mai ɗinkin zinariya, ko makaɗi, ba ka fita da sana'a gaban jama'a sai malaminka ya tara dattawa, an dafa shinkafa, ya ɗaura maka ɗamara a kugu, ya ɗaga hannu ya sallame ka.

Malamin Narzullo shi ne Usto Ni'imat, jikan Mirzo Ashur wanda har gobe ake rera waƙoƙinsa. Usto kuwa laƙabi ne da ake ba gwanin sana'a. Narzullo ya shiga gidan tun bai san ciwon kansa ba, ya zauna gaban malam har gemu ya fito masa. Wata rana Usto ya saurare shi daga farko har ƙarshe bai tsayar da shi ko sau ɗaya ba, sannan ya ce, "Bari a gama cirar auduga, jama'a su dawo gari, sai mu sayi shinkafa." Ba a gama cirar audugar ba sanyi ya kama ƙirjin Usto. Ya kwanta, bai tashi ba. Ɗansa namiji tilo dama bai dawo daga yaƙi ba.

Narzullo bai kai kukansa wurin kowa ba. Ya karɓi askar ubansa, ya auri Muborak, suka haifi Zulfiya da ƙannenta. Kowace Alhamis yakan kai wa matar marigayin, Bibi Sharofat, nama da gurasa mai zafi, ya gyara mata abin da ya lalace a gida, ya sha shayi ya tafi. Tun ranar da aka fita da Usto ba a sake jin tsirkiya a gidan ba. Kuma in Bibi za ta kasuwa da safe ba ta bi ta layin su Narzullo, ko da yake nan ne ya fi kusa. Ya lura da haka. Bai tambaya ba.

Da za ka ce masa rayuwarsa ta rasa wani abu, kallon mamaki zai yi maka. Yana da rumfar inabi a tsakar gida, yana da mata mai iya miya, yana da kujerar da ba ta yini babu kowa a kanta. Sai dai a bikin mutane, in makaɗa suka fara, yatsunsa sukan riƙa motsi a kan gwiwarsa. Muborak takan hango daga ɓangaren mata, ta kau da kai.

A shekarar da furfura ta cinye gefen kansa, 'yan fim suka zo daga Tashkent da manyan motoci da fitilu, za su yi fim a kan Mirzo Ashur. Aka ɗebi rabin mazan unguwa su zama mutanen zamanin da, aka raba musu rawuna da riguna masu ratsi-ratsi. Mutanen da kuwa kansu a aske yake ƙwal, don haka aka ɗauki Narzullo aikin aske kawuna. Bai taɓa ganin gashi mai yawa haka a ƙasan shagonsa ba.

Hikmat mahauci, abokinsa tun na ƙuruciya, shi aka ba matsayin attajiri saboda tumbinsa. Yana kan kujera, rabin kansa fari da kumfa, bakinsa bai huta ba.

"Ka ji abin da suka yi wa kakan malaminka? Mata uku suka ba shi. Uku! Mai rawa ɗaya, 'yar wani attajirin Samarkand ɗaya, sai wata likita 'yar Rasha mai farin gashi. Wai kowace ta yi masa waƙa ɗaya a zuciya. Ni da nake da guda ɗaya, ko fito ban taɓa yi ba saboda ita."

"Daina motsi, kada in miƙa maka kunnenka a hannu."

"Kuma yaron da ke fitowa a matsayinsa, ka gan shi? Kyau kamar a sa shi a akwati. Amma shi da bakinsa ya ce in ya taɓa tsirkiya, kamar an taka wa kyanwa wutsiya."

A kan benci, cikin masu jiran layi, akwai wani mai ƙiba da mayafi a wuya, yana shan shayin shagon kamar nasa. Shi ne Davron, daraktan fim ɗin. Ya yi dariya ya ce gaskiya ne, yaron ya yi iyakar ƙoƙarinsa, yatsunsa har sun yi bororo.

"To ai ga wanda kuke nema nan riƙe da hancina," in ji Hikmat. "Ɗalibin gidan ne na ƙarshe. Gobe da sassafe ka je ka jingina da katangarsa, ba sai ka biya kuɗin shiga ba."

Narzullo ya matse hancin fiye da yadda aikin yake bukata.

Kashegari da ya fito zai tafi shago, ya tarar da Davron tsaye a lungu, taba ta ƙone har ta kai masa yatsa bai sha ba. Suka jera zuwa shagon, Hikmat ya biyo su da wuƙa a hannu don kada a yi ba shi.

"Usto, fuska muna da ita," in ji Davron. "Hannu ne babu. A Tashkent akwai gwanaye, ban raina su ba. Amma hannun gidan Mirzo Ashur nake so. Za mu ɗauki yatsunka da sautinka, yaron ya ba da fuska ya yi ta kallon matan."

"Na gode, Davron aka. Sai dai ba a yi mini fatiha ba."

"To ni in yi maka mana. Na iya ta."

"Kai wa ya yi maka?" in ji Hikmat. "Mai gyaran fitila?"

Davron bai ji haushi ba. Shi ma kakansa masaƙi ne, ya san abin da ake nufi. Ya tambaya ko akwai wanda ya rage da zai iya. Narzullo ya shiga goge madubin da ba shi da ƙura. Hikmat ne ya amsa, wannan karon a hankali: inda babu ɗa namiji, dattawa sun ce albarkar gida tana hannun uwar gidan. Bibi Sharofat.

"Kafin ƙarshen wata za mu naɗe kaya," in ji Davron. "In ba ta yiwu ba, in aika Tashkent."

Da yamma, a ƙarƙashin rumfar inabi, Muborak tana yanka karas siri-siri, ba ta ɗago ba ta ce, "Baban Zulfiya, kana so?"

"Shekaru sun tafi, Maman Zulfiya."

"Ba shekaru na tambaye ka ba."

Ya ɗaga kai yana duban inabin, kamar yau aka dasa shi.

"Duk wannan naman da kake kai wa Bibi," in ji ta, "ko sau ɗaya ka taɓa buɗe baki?"

"Ta yaya zan buɗe? Sai ta ce dama kuɗin naman nake jira."

"Kai dai da a ce aska tana magana, da ita za ka aika."

Ranar Alhamis ya sa sabuwar hula, ya ƙara da alewa a kan naman. Bibi Sharofat 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai farin kallabi, jiki ya tafi amma harshe yana nan. Tun bai gama cire takalmi ba ta tare shi.

"Na ji kana aske kan mutane don a yi wa kakan mijina ƙarya."

"Aski dai nake yi, Bibi-jon."

"Mata uku! Ni na zo gidan nan amarya na same shi. Tsoho ne mai haƙori biyu. In ya ji takun matarsa, sai ya cusa alewa ƙarƙashin hula, ta narke masa a ka. Kankana ba ya saya sai ya aiko an tambaye ta. Wai mai rawa! Da tsohuwar ta ji, da ludayi za ta bi mai rawar har Samarkand."

Narzullo ya yi dariya har da riƙe ciki. "To waƙoƙin nan na bege fa, Bibi, wa ya yi wa?"

"Ita mana. Wa kake tsammani? Don yana tsoronta sai aka ce ba ya sonta?"

Ta zuba masa shayi ɗan kaɗan a gindin kofi, yadda ake yi wa baƙon da ake so ya daɗe. Ya sha, ta ƙara. Ya juya kofin a hannu, ya gyara zama, ya sake gyarawa.

"Sun ce suna son hannu," in ji shi. "Hannun gidan nan. Na ce musu ni ba a yi mini…"

Bai ƙarasa ba. Bibi ta kalli kusurwar da Usto yakan zauna. Sannan ta ɗauki butar, ta cika masa kofin taf har ya taɓa baki. Ko yaro a garin nan ya san abin da cikakken kofi yake cewa: shanye ka kama hanya.

"Sha, kada ya huce. Ka gai da Muborak."

Ya shanye, ya yi godiya, ya sa takalmi. A hanya ya biya ta masaukin 'yan fim ya ce wa Davron ya aika Tashkent. Davron ya ce ba ya sauri, sai mako mai zuwa.

Bai ji haushin tsohuwar ba. A ganinsa shi ne ya yi rashin ta ido. Ya ci gaba da aske kawuna, yana dariyar barkwancin Hikmat inda ya kamata. Sai dai da sassafe ɗakin ƙarshen tsakar gida ya zauna a rufe. Kwana ɗaya, biyu, uku. Wata maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga ta tambayi Muborak ko maigidan lafiya, don yau har rana ta fito ba ta hura wuta ba.

A lokacin ana shirin auren Zulfiya, an kai ga ɗinkin bargunan da amarya ke tafiya da su. Allurar farko kuwa tsohuwa ake ba, wadda ta yi aure ɗaya ta tsufa a cikinsa. Muborak ta yafa mayafi ta je ta gayyaci Bibi Sharofat. Ta ce mata ta zo da hantsi, in rana ta ɗan yi ɗumi.

A ranar, gari bai gama wayewa ba, Muborak ta taɓa kafaɗar mijinta.

"Tashi ka je ka kaɗa."

"Yau ba na jin…"

"Ni ban tambayi abin da kake ji ba. Tun da ka daina, kwaɓina ya ƙi kumbura. Yau ina da baƙi, ba zan ba mutane gurasa kamar tafin takalmi ba."

Ya tashi yana gunaguni, ya bi ta ƙofar baya ya shiga ɗakin. Tsirkiyoyin sun ɗan saki, ya ɗaure su. Da farko yatsun sun yi nauyi. Can ya faɗa cikin waƙar nan mai tafiyar hawainiya da Mirzo Ashur ya yi, wadda Usto yakan rufe darasi da ita. Ya bi ta yadda aka ba shi, bai ƙara ba bai rage ba: ta hau a hankali, ta tsaya a sama kamar mai duban hanya, ta fara saukowa. A daidai inda take saukar ya dakata, ya yi ɗan gajeren tari, sannan ya ci gaba har ƙarshe.

Da ya buɗe ƙofa, Bibi Sharofat tana zaune a kan dakali ƙarƙashin inabi, bargo a shimfiɗe kan gwiwarta, allura a hannu ɗaya, zare a ɗayan. Daga baya ta ce barci ne ya ƙi ta, shi ya sa ta yi sammako. Wataƙila haka ne.

Narzullo ya tsaya da farcen ƙarfen a yatsa. "Bibi-jon, wallahi ban san kina…"

"Zo ka zura mini zaren nan. Idona ba ya gani da safe."

Ya durƙusa ya zura. Shi da ke riƙe aska a maƙogwaron mutane bai taɓa kuskure ba, yau sai da ya gwada ya sake gwadawa. Ta karɓa, ta soka allurar a bargon da bismilla, ta ja zaren har ƙarshe.

"Wurin da waƙar ke saukowa," in ji ta, "mene ne wannan da ka yi?"

"Dakatawar?"

"Tarin."

"Haka Usto yake yi, Bibi. Kullum a nan yake yi. Na ɗauka…"

"Ka ɗauka Mirzo Ashur ne ya sa shi a ciki?" Ta ajiye allurar. "Wayyo ni Sharofat. Kai wawan Allah, taba ce! Taba ce ta yi masa yawa. In ya kai nan numfashinsa ya ƙare. Na yi faɗa har na gaji. Duk shekarun nan kana tarin mijina?"

Dariya ta kama ta, irin wadda ba ta da sauti, kafaɗunta suna rawa. Ta daɗe tana yi. Ta ja gefen kallabi ta goge ido, ta sake gogewa, ta kuma gogewa bayan dariyar ta wuce. Muborak tana bakin tanderu, ta juya musu baya, aikin gurasa ya sha mata kai ƙwarai.

"Ashe layin nan ba shi da nisa," in ji Bibi, kamar da bargon take magana. Sannan ta ɗago. "Ka nemo shinkafa mai kyau, ja, ba wadda ake ba kaji ba. Ka ce wa Hikmat ya ware kitsen wutsiyar rago, in ya kawo mini ƙashi ni da shi ne. Kada ka kunyata ni gaban dattawa."

"Don fim ɗin, Bibi?"

"Fim ɗinsu ya dame su. Fatiha ba ta fim ba ce. In an sallame ka, ka kaɗa wa wanda ka ga dama, ko jakin Hikmat ne."

An yi taron a gidan Usto, ba hayaniya, yadda ake yin irin waɗannan abubuwa a wancan zamani. Hikmat ya tsaya a kan tukunya tun safe yana zagin itacen da ya ƙi kamawa. Dattawan unguwa suka zauna a kan barguna, kowa kansa ƙwal saboda fim. Davron ya zo, amma Bibi ta ce kyamara ta tsaya a titi, don haka ya zauna can bakin ƙofa inda ƙanana ke zama, yana miƙa shayi. Sabuwar rigar da ɗalibi ke kawo wa malaminsa, Narzullo ya ninke ta ya ajiye a kan matashin Usto da ba kowa.

Bayan an ci an wanke hannu, Bibi ta fito daga ɗakin mata da ɗamarar mijinta. Sai da Narzullo ya rusuna sannan ta iya zagaya kugunsa. Ta ja, ta ƙulle, ta ƙara ja.

"Bibi-jon, numfashi."

"Ka jira duk wannan lokaci, ka jure wannan."

Ta ɗaga hannu, kowa ya ɗaga. Ta ce abin da mai gidan nan ya yi niyya bai samu iko ba, yau ta cika masa. Ta roƙi Allah kada hannun nan ya ga ciwo, kada ya kaɗa a inda za a raina shi, kuma in ya sami mai koyo kada ya sa shi jiran auduga. Aka shafa. Ta koma bayan labule.

Narzullo ya zauna a tsakiya, ya ɗora tanbur. Da ya ɗago ya ga idanu, sai farcen ƙarfen ya zame, tsirkiya ta yi wata irin ƙara. Ya sake gwadawa, farcen ya sake zamewa.

"Kai, mu ne fa," in ji Hikmat daga baya. "Duk kawunan nan ba wanda ba ka murɗa ba. Ka ɗauka aski ne."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ya sunkuyar da kai ya fara. Waƙar ta hau, ta tsaya, ta juyo. Da ya kai wurin saukar ya dakata kaɗan ya wuce, ba tari. Daga bayan labule aka ji tsohuwa ta gyara murya.

Aikin fim ɗin kansa bai ɗauki lokaci ba. Aka sa masa rigar alharini, aka zaunar da shi ƙarƙashin fitilu masu zafi kamar bakin tanderu, aka kawo kyamara daf da yatsunsa. Mai rawar tana zagaya shi, yaron mai kyau yana gefe yana jiran a zo kan fuskarsa. A hutu yaron yakan matso ya ce, "Usto, nuna mini yadda kake karya wuyan hannu, kada a gane mu biyu ne." Da ya koma gida Muborak ta tambaye shi ko mai rawar kyakkyawa ce.

"Ƙafafunta kawai na gani."

"Su fa?"

"Suna bukatar dutsen goge kaushi."

Sai da bazara ta zagayo aka kawo fim ɗin silimar da ba ta da rufi, kusa da tafki. Unguwa ta kwashe gaba ɗaya, da 'ya'yan kabewa a aljihu. Duk wanda ya hango ƙeyarsa a farin bango sai ya yi ihu ya nuna. Da Hikmat ya fito yana shafa tumbi cikin rigar attajiri, matarsa ta ce da ƙarfi a gida ko tsintsiya ba ya saya sai an yi rigima. Bibi Sharofat tana layin gaba a kan matashin da aka kawo mata. Da Mirzo Ashur ya riƙe hannun mai rawa ta ce, "Ƙarya." Da ya tsaya ƙarƙashin tagar 'yar attajiri cikin ruwan sama ta ce, "Shi da ko wanka sai an kore shi." Da likitar ta hau jirgin ƙasa ta bar shi, sai aka ji Bibi shiru, tana laluben gefen kallabi. Muborak ta leƙa fuskarta.

"Yarinyar ce ta ba ni tausayi," in ji Bibi. "Ta yi nisa da gida."

A nan ne hannuwan suka cika bangon, kowane yatsa ya kai tsawon mutum. Masu ɓare 'ya'yan kabewa suka tsaya. Narzullo bai taɓa jin kiɗansa daga waje ba. Ya zauna yana saurare kamar na wani, ya ga a wuri ɗaya ya ɗan yi gaggawa, ya ƙudura zai gyara gobe da safe. Ban da wannan, bai ga laifinsa ba.

Ana fita, wani dattijo mai ƙurar hanya a takalmi ya ratso jama'a, Hikmat yana tura shi daga baya. Ya sa hannu a ƙirji ya gaisa. Ya ce daga ƙauye yake, ya kawo tumaki kasuwa ya tsaya kallo, an ce masa hannuwan nan na wani mai aski ne a garin nan.

"Usto, ɗana zai yi aure. Ba mu da yawa, amma akwai rago, akwai inuwa. Ko za ka zo ka kaɗa mana?"

Narzullo ya yi murmushin nan nasa, bakinsa ya buɗe da amsar da ya saba. Muborak tana gefensa, gyaran mayafi kawai ta yi. Ya rufe bakin, ya dubi mutumin.

"Wace rana ce?" in ji shi. "Sai dai da yamma. Da safe ina da kawunan da zan aske."